Kambas Ruwan Hoda a Ƙafar Namiji: Saye, Sawa da Wanki a Accra

Ranar Sallah a Nima ko Sabon Zango za ka ga Alhaji cikin shadda ruwan hoda, riga da wando har da hular da ta dace, kuma ba mai ɗaga ido ya sake kallonsa. Amma launin nan ya sauko ƙasa ya zama kambas a ƙafar saurayi, sai ka ji majalisar masu shayi ta ɗau shewa. Launi ɗaya ne, hukunci biyu. Wanda ya fahimci dalilin haka ya riga ya san rabin yadda ake sa takalmin nan, sauran rabin kuwa aikin ido ne a kasuwa da aikin hannu a bakin famfo.

Maganar cewa ruwan hoda na mata ne ba gadon gidanmu ba ce, kuma ko a can inda ta fito ba ta tsufa ba. A 1918 wata mujallar masu sayar da kayan jarirai a Amurka ta shawarci iyaye su sa wa ɗa namiji ruwan hoda, mace kuma shuɗi, wai don ruwan hoda ya fi ƙarfi. Wajen shekarun 1940 ne masana'antu da manyan kantuna suka juya lissafin, ya kuma ƙara kafuwa a shekarun 1980 da aka fara sanin abin da ke ciki tun kafin haihuwa, ana sayen kayan jariri da wuri. Mu ya iso mana ne cikin dilar gwanjo da akwatin talabijin. Shi ya sa hukuncin ya kama kayan Turawa, wato kambas da riga mai gajeren hannu, ya bar shadda da yadi. Masu kallon ƙwallo ma sun san Juventus da riga ruwan hoda ta fara kafin ta koma baƙi da fari a 1903, Palermo har yau da ita take wasa, Messi kuwa ita yake sawa tun da ya koma Inter Miami a 2023.

Zaɓe a kasuwa

Mafi yawan masu neman irin wannan takalmi kasuwar gwanjo ta Kantamanto suke nufa. Laraba da Asabar da sassafe ake fasa dila, kuma zaɓin farko ba ya kai hantsi. Wanda ya je da azahar ya sani ragowa zai tarar, ko kayan da aka wanke aka gyara aka jera. Ba laifi ba ne sayen wanda aka gyara, amma sai an duba.

Babbar matsalar da namiji ke fara cin karo da ita ita ce, kaso mai yawa na kambas ruwan hoda da ke fitowa daga dila an ƙera su ne a kan ƙafar mace. Wannan batun awo ne, ba batun kunya ba. A lissafin Amurka lambar mata ta ɗara ta maza da ɗaya da rabi, wato mai sa 8 na maza zai nemi 9.5 na mata. Faɗin ma ba ɗaya ba: na mata da aka saba gani harafin B ne, na maza D, ga dunduniyar na mata ta fi matsewa. Saboda haka tsawo zai iya yi maka daidai amma ƙaramin yatsa ya kwana yana zafi, bayan wata biyu kuma gefen ya fashe daidai wurin. Kada ka dogara da lambar da mai kaya ya faɗa. Zaro shimfiɗar ciki, ajiye ta ƙasa, ka taka da safar da za ka riƙa sawa. Ya kamata a gaban yatsanka mafi tsawo a sami ragowar faɗin babban yatsan hannu, kuma gefen ƙafarka kada ya zubo waje. Gwada ƙafa biyun, don da wuya su zama daidai, kuma ka tuna ƙafa na ɗan kumbura zuwa yamma. Wanda ya kama ka cif da asuba zai matse ka bayan la'asar.

Daga nan sai ƙasan takalmin. Wannan farin sashe mai kauri da ke tsakanin sama da robar taka ƙasa iri biyu ne. Akwai kumfa marar nauyi wadda iyakarta ta kwanta ta yi tamoji, akwai kuma mai nauyi da santsi da ake kira PU, wadda laima ke ci daga ciki ko da ba a taɓa sa takalmin ba. Iskar bakin teku ta Accra tana hanzarta wannan lalacewa. Takalmi zai yi kyau kamar sabo, ka sa shi kwana uku, ƙasan ya ruɓuɓɓushe ya zama gari a tsakiyar Circle, babbar mahaɗar motocin Accra. Danna farcenka a gefe: idan ya dawo nan take, lafiya, idan ya bar rami, ko ya yi danƙo, ko ya zubar da gari, ajiye. Lanƙwasa takalmin a daidai inda yatsu ke lanƙwasa ka duba ko gam ya buɗe baki. Sannan ɗaga harshen ka karanta ƙaramar takardar da ke ɗinke a ciki, kamfanoni da yawa na buga wata da shekarar ƙira a nan. Abin da ya haura shekara 5 ko 6 mai ƙasan PU caca ce, komai arharsa.

Launin kansa a hasken rana ake duba shi. Ƙwan lantarkin rumfa yana mayar da koɗaɗɗe ya zama kamar sabo, don haka fito da ƙafa biyun bakin hanya ka jera su. Sau da yawa ɗaya ta sha rana a kan tebur ta fi ɗayar haske, kuma ba wankin da zai daidaita su. Jiƙa farin ƙyalle ko tishu ka goga a wurin da ba ya nunawa, kamar ƙasan harshe ko bayan dunduniya. Idan launi ya biyo, an yi masa fenti ne, ruwan sama na farko zai tona asirin.

Game da abin da aka yi saman da shi, fata mai santsi ta fi kowanne sauƙin riƙo a garin nan, goga ɗaya ta isa. Fatar roba tana kama da ita amma tana ɓarewa, kuma da ta fara ba ta tsayawa. Yadin kambas na wankuwa sai dai yana shan jar ƙasa. Mai raga ya fi shan iska, ya kuma fi tara ƙura. Mai gashi-gashi, wato suwed, shi ne ya fi fito da kyan ruwan hoda, shi ne kuma ya fi wahala; wanda hanyarsa kullum ta bakin kwata ce ko kan okada, ya haƙura da shi.

Da ka kai gida, kafin ka zura ƙafa, fesa sifirit a ciki kawai, ka bar shi ya kwana a buɗe, ka sayi sabuwar shimfiɗa. Ƙaiƙayin tsakanin yatsu na iya shigowa ta takalmin gwanjo.

Abin da za a haɗa da shi

Ruwan hoda kala-kala ne, kuma ba su da nauyi ɗaya a idon mutane. Mai ɗan duhu kamar an barbaɗa masa toka, da wanda ya karkata wajen ruwan goro, su ne mafi sauƙi, daga nesa ma wasu ba sa lura. Mai haske sosai ya fi kyau a ƙafar mai baƙar fata amma ba ya ɓoye datti ko kaɗan. Mai ƙyalli da ke kashe ido na filin ƙwallo ne da wurin motsa jiki, shi ne kuma rana ta fi saurin cinyewa. Mai farawa ya fara da mai duhu-duhu, ko farin kambas mai ratsin ruwan hoda.

Ƙa'idar ɗaya ce: takalmin ya yi magana, sauran kaya su yi shiru. Ruwan toka, shuɗi mai duhu, koren soja, kaki, baƙi da fari duk suna zama da shi. Ja da ruwan lemo faɗa suke yi da shi. Kada kuma a bi shi da hula da riga da agogo duk ruwan hoda, sai ka zama kamar ɗan rakiyar amarya da aka ɗinka wa anko. Kaftani fari ko ruwan toka mai wando tsuke yana karɓarsa sosai, muddin bakin wandon ya tsaya a idon sawu bai kwanta kan takalmin ba. Batakari, rigar saƙi ta arewacin Ghana, mai ratsin shuɗi da fari ma haka. Jallabiya doguwa kuwa takalmi siriri take so, mai ƙaton ƙasa yana sa ta yi tsalle. Babbar riga mai aiki ba ta son kambas ko wane launi ne, a bar mata sau-ciki. Safa fara ko baƙa, ko gajeriya wadda ba ta leƙowa.

Sabon jins shuɗi abokin gabar wannan takalmi ne. Rininsa na gogewa a wuyan takalmin ya bar tabo ruwan bula, a suwed kuwa ba ya fita. A wanke jins sau 2 ko 3 tukuna, a kuma naɗe bakinsa. Haka shadda mai rini idan gumi ko yayyafi ya taɓa ta.

Wuri ma yana da nasa hukunci. Suna, walimar aure, yawon Sallah, kallon ƙwallo, makaranta da ofishin da ba ya tilasta takalmin fata, duk babu damuwa. Jana'iza da zaman makoki ba wurin launi mai ɗaukar ido ba ne, a Zango ko a gidan maƙwabta masu sa baƙi da ja; wannan ladabi ne da ya hau kan koren takalmi da rawaya ma. Zuwa gaida surukai karon farko, ko neman aiki, ba ranar gwaji ba ce. A masallacin Juma'a kuwa, ko na unguwa ko babban na Kanda, takalmi mai fita daban shi ake fara gani a bakin ƙofa, don haka tafi da leda ka shiga da abinka.

Idan aka tanka

Za a tanka, wannan kam ka sa a ranka. Abin lura shi ne wa ya tanka, don amsar ba ɗaya ba ce.

Tsokanar abokai a majalisa ita ce mafi yawa kuma mafi sauƙi. "Na ƙanwarka ka aro?" Wanda ya ɗaure fuska ko ya fara dogon bayani ya ba su abin yi na mako guda. Amsa gajeriya cikin dariya ta wadatar: "Faɗi lambarka, Asabar in samo maka." Ka ci gaba da shan shayinka. Sawa ta biyu da ta uku surutun ke raguwa, wanda ya sa sau ɗaya ya ɓoye kuwa shi aka ci.

Akwai amsar da ya kamata a guje mata, ko da ita ce ke fara zuwa baki. Aka ce maka ɗan daudu, ko Kojo Besia a bakin maƙwabta, sai ka shiga rantse-rantse kana zagin waɗanda ake kira da sunan don ka wanke kanka. Wanda ya yi haka ya amince da ma'aunin mai tsokanar, yana roƙon a cire shi ne kawai daga lissafi. Haka wanda ya ce ai Messi ma na sawa: hujjar tana rufe baki, amma abin da take nufi shi ne sai shahararre ne ke da lasisi. Ya fi ka ce launin ya yi maka, shi ke nan.

Dattijo daban ne. Idan mahaifi ko kawu ya yi magana, ba a gardamar tarihi da shi a tsakar gida. "Baba, ku yi haƙuri, launin ne ya ba ni sha'awa. In za mu fita tare zan sa baƙin." Ka kare girmansa, ba ka kuma jefar da takalminka ba. Yawancin dattawa abin da mutane za su ce ne ke damunsu, da sun ga ba a ce komai ba sai su saki.

Idan ta fuskar addini aka zo, ya kamata a san inda maganar take. Abin da aka haramta wa maza ƙarara shi ne alhariri da zinariya, an kuma la'anci namiji mai kwaikwayon mata da mace mai kwaikwayon maza. Akwai hani a kan tufar da aka rina da usfur, wato wani fure mai ba da jan rini, akwai kuma ruwayar sahabin da ya ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cikin jan tufafi, shi ya sa malamai suka saɓa a kan ja zalla. Wajen tantance abin da ya keɓanta da mata kuwa, malamai da dama al'adar wuri suke dubawa. A unguwar da maza ke zuwa Idi cikin shadda ruwan hoda, da wuya a ce launin shi kaɗai na mata ne. Ƙirar takalmin ita ce abin dubawa: mai tsini, mai fure, mai duwatsun ado, wannan zancensa daban. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya ɗauki takalmin ya kai wa malaminsa ya gani da ido, ya fi tambaya da baki.

Na ƙarshe shi ne baƙon da ba ka sani ba, musamman gungun samari da dare. A garin nan an taɓa dukan mutane a kan zargi kawai, saboda tafiyarsu ko shigarsu. Da ka ji maganar ta tashi daga wasa ta koma kewayewa, kada ka tsaya kare kai. Shiga shago ko wurin mai shayi, kira wanda ya san ka, hau trotro, wato motar haya. Duka laifi ne a dokar manyan laifuka ta Ghana ta 1960 ko me mutum ya sa, ana kai ƙara wurin 'yan sanda, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta CHRAJ na karɓar koken take haƙƙi, a cikin unguwa kuma liman da sarkin Zango na kashe irin wannan wuta tun tana ƙarama.

To, takalmin na canja tunanin mutane? Kaɗan, kuma ba ta hanyar da ake zato ba. Ɗan ƙwallo ko mawaƙi ya sa, ba abin da ya motsa, don ba mai tuhumar mazantakarsa tun farko. Abin da ke aiki shi ne sabo: makanike ya sa, malamin makaranta ya sa, mai gidan da ke ciyar da mutum goma ya sa, har ido ya gaji da mamaki. Ko a nan ma launin ne aka 'yanta, yaron da ake tsangwama saboda siririyar murya yana nan inda yake. Wanda ya fi taimakon wannan yaro shi ne babban yaya a majalisa da ya ƙi dariya ya ce a bar shi, ko da silifas ne a ƙafarsa.

Wanki, inda aka fi yin ɓarna

Ruwan hoda mai datti shi ke jawo raini fiye da ruwan hoda mai tsabta, kuma yawancin waɗanda suka lalace wajen wanki suka lalace. Abu huɗu ke kashe shi: bilic, ruwan zafi, garin sabulu mai ƙarfi, da shanya a rana. Bilic irin Parazone na cinye rinin ya bar dabbare-dabbare, yana kuma mayar da farar roba rawaya. Ruwan zafi na sassauta gam. Garin sabulu idan bai ɗauraye ba yana bushewa ya bar zoben rawaya a gefe. Rana kuwa ja da danginsa take fara ci.

Jar ƙasar Madina ko Ashaiman ba a taɓa ta tana jiƙe. Bar taɓon ya bushe, buga ƙafa biyun da juna, kakkaɓe da busasshen buroshi. Wanda ya zuba ruwa tun farko ya tura ƙasar cikin zare ne. Cire igiya da shimfiɗa a wanke su daban. Juye ledar ruwa 2 a roba, wato lita 1, ruwan ya zama mai ɗumi kaɗan yadda hannu ba ya jin zafi, ka zuba ƙaramin cokali 1 na sabulun ruwa na wanke-wanke. Da tsohon buroshin haƙori mai laushi za ka bi, kumfar kake ɗiba ba ruwan ba, kana gogawa a hankali. Kada a tsoma takalmin a bar shi ya jiƙu. Kuma a wanke fuskar gaba ɗaya, ba wurin tabon kaɗai ba, in ba haka ba wurin zai bushe da iyaka. Sai a bi da tsumma mai tsabta da ruwa zalla sau 2 ko 3 har santsin sabulu ya tafi.

Farin gefen ƙasa ana kwaɓa masa bekin soda cokali 1 da ruwa kaɗan, ko farin man goge baki, a goga a share, ba tare da ya hau kan launin ba.

Shanya a inuwa mai iska. Cusa farar takarda ko tishu a ciki don ya riƙe siffarsa; jarida na zubar da tawada. Idan yadi ne ko raga, lulluɓe bayansa da tishu fari tun yana jiƙe, ya manne. Yayin da ruwan ke fita, ragowar sabulu da datti za su hau tishun maimakon su zauna a yadin. Da rani kwana ɗaya ya isa, a damunar Mayu da Yuni sai ya kai biyu, fanka na rage lokacin. Kada a sa shi da sauran laima, nan wari ke farawa.

Suwed ba a yi masa wannan wanki. Busasshen buroshi ake bi da shi ta fuska ɗaya, tabo kuma a goge da farar robar goge fensir. Wanda ya ƙi fita a ɗan ɗiga farin binega a tsumma a dangwala, a bar shi ya bushe, a sake tayar da gashin da buroshi. Idan manja ko shito, wato soyayyen yaji mai mai, ya ɗiga, ko a suwed ko a yadi, kada a murza. Ɗauke abin da ke sama da bakin cokali, rufe wurin da garin sitaci ko hodar jarirai, a bar shi ya kwana ya tsotse man, da safe a kakkaɓe. A yadi sai a bi da ɗigon sabulun wanke-wanke. Tabon manja da ya kwana biyu ba a taɓa shi ba yakan bar inuwa har abada.

Akwai maganin feshi mai hana ruwa shiga da ake samu a shagunan takalma. A kan takalmi mai tsabta kuma busasshe ake fesa shi, daga nisan kamar santimita 20, shafi biyu marasa kauri, a bar na farko ya bushe kafin na biyu. Gwada a ɓoyayyen wuri tukuna, don wani na ɗan duhunta launi. Da damuna a sabunta shi duk wata.

Wajen ajiya, leda a ɗaure ita ke kawo funfuna a ɗakin da ba ya shan iska. Kwali mai huda ya fi, da 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ke zuwa cikin sababbin kaya, ko gawayi a ƙulle cikin tsohuwar safa. Kada kuma a adana shi sai Sallah zuwa Sallah, ƙasan PU ya fi saurin mutuwa a ajiye. Idan baki ya buɗe, kai wa shumeka tun yana ƙarami, ka kuma tsaya a kansa: ya kankare tsohon gam, ya shafa sabo a fuska biyun, ya jira minti 10 zuwa 15 har ya daina kama yatsa, sannan ya haɗa ya matse, kai kuma ka ba shi awa 24 kafin ka taka. Ka hana shi gam mai kamawa nan take, yana ƙonar da yadi ya bar farin tabo mai tauri. In ɗinki za a yi, ka zaɓi zaren da kanka, fari ko mai kama da launin, don wanda ke cikin akwatinsa yawanci baƙi ne.